Yadda Ake Gane Shekarar Tsohon Hoton Garuruwan Yammacin Amurka

Mai bibiyar shafukan tarihi ya sha cin karo da irin waɗannan hotuna: titi duk laka, shagunan katako a jere, dawakai ɗaure a ƙofar otal, ko iyali tsaye gaban wata bukka ta gungume, a ƙasa an rubuta "Kalifoniya, 1850". Da yawa daga cikin shekarun nan shaci-faɗi ne. Wani ya rubuta, wani ya kwafa, har ƙarya ta zauna da gindinta. Alhali hoton da kansa yana ɗauke da shaidar da za ta kai ka kusa da gaskiya, wani lokaci har ta nuna maka wata da rana.

Shaidar kashi biyu ce. Abin da aka yi hoton da shi, wato ƙarfe ne ko gilashi ko takarda, shi ke gaya maka shekarar da hoton ba zai riga ta ba. Abin da ke cikin hoton kuma shi ke matse tazarar. A kowane kashi abu mafi sabunta ne ke yanke hukunci: tsohuwar bukka tana iya kai shekara arba'in a tsaye, amma turken wayar tarho da ke bayanta ba zai riga zuwan tarho ba. Sannan ka riƙe wannan tun yanzu, domin a nan mafi yawan mutane ke tuntuɓe: ranar da aka ɗauki hoto daban, ranar da aka wanke shi a takarda daban. Gilashin nagatif ɗaya yakan yi shekara ashirin ana fitar da kwafi daga jikinsa.

Kayan aiki kaɗan ne: gilashin ƙara girma mai ninki 10 (mai ninki 30 ya fi idan akwai), ƙaramin maganaɗisu, rula mai inci da santimita, tocila, baƙin kwali, safar hannu ta roba marar hoda, fensir da takarda. Ka nisanta biro da kofin shayi daga teburin.

Fara da jikin hoton

Idan hoton yana cikin ƙaramin akwati mai murfi, ƙarƙashin gilashi, ka karkata shi gaban haske. In ya yi walƙiya kamar madubi, hoton ya ɓace ya dawo yayin da kake juya shi, to dagerotayif ne: farantin tagulla da aka shafe da azurfa. An bayyana wannan fasaha a Faransa a 1839, ta yi tashe a Amurka daga farkon shekarun 1840 zuwa ƙarshen shekarun 1850. Ka riƙe baƙin kwali a gabansa yadda farantin zai haska baƙin, nan take hoton zai fito sarai. Cikakken faranti inci 6.5 ne da 8.5, amma wanda aka fi samu shi ne ɗan ƙarami mai inci 2.75 da 3.25. Hoton gari a dagerotayif abu ne mai wuyar samu, galibinsu fuskokin mutane ne, saboda haka wanda ya ce yana da na titin wani gari sai a bincika da kyau.

In yana cikin akwati amma ba ya walƙiya, farinsa kuma dishi-dishi kamar toka, ko dai ambrotayif ne ko tintayif. Ambrotayif gilashi ne da aka sa wa baƙin fenti ko ƙyalle a baya, ya yi zamani daga 1854 zuwa tsakiyar shekarun 1860. Tintayif siririn ƙarfe ne mai baƙin shafi, kuma duk da sunan da Turawa suka ba shi, babu kuza ko ɗigo a jikinsa. Ka kara maganaɗisu a bayan akwatin, ba a fuskar hoton ba: in ya ja, ƙarfe ne. Tintayif ya fito a 1856, sai dai ba ya taimakawa sosai wajen ƙayyade shekara, domin masu yawon ɗaukar hoto a kasuwanni sun ci gaba da yin sa har cikin ƙarni na 20.

Mafi yawan hotunan garuruwan nan a takarda suke, kuma daga shekarun 1850 zuwa wajen 1890 takardar farin ƙwai ce ke sarauta. Ana kaɗa farin ƙwai da gishiri, a shafe siririyar takarda da shi, a jiƙa ta da ruwan azurfa, a ɗora nagatif a kai a shanya a rana. Alamominta: launi ruwan ƙasa ko mai ɗan shunayya, wuraren da ya kamata su zama fari sun koma rawaya, ɗan sheƙi kaɗan, kuma kusan kullum an manna ta a kwali domin in an bar ta sai ta nannaɗe. Da gilashin ƙara girma za ka ga zaren takardar ta cikin hoton, da 'yan tsage-tsage kamar busasshiyar laka a gindin tafki. In ba ka ga zaren ba sam, fuskar sumul, to takardar jelatin ce ko ta kolodiyon mai farin shafi a ƙarƙashi, waɗanda suka karɓi kasuwa daga ƙarshen shekarun 1880. Hoto shuɗi fat kuwa, ko da yake tun 1842 aka san dabarar, galibin na garuruwan yamma daga shekarun 1880 zuwa wajen 1910 ne. Hoto zagaye mai faɗin inci 2.5 aikin Kodak ta farko ne, ba zai riga 1888 ba.

In gilashin ya nuna maka ɗige-ɗige a jere kamar raga, wannan bugun injin ɗab'i ne, daga littafi ko jarida ko kati, kuma da wuya ya riga shekarun 1890. Abin da aka ɗauka yana iya girme shi nesa ba kusa ba.

Kwalin da bayansa

Auna kwalin. Mai inci 2.5 da 4 shi ne ƙaramin katin ziyara, ya shiga Amurka wajen 1860. Kwali siriri mai kusurwa huɗu tsaye da layi biyu na ruwan zinariya a gefe na shekarun 1860 ne, mai kauri da kusurwa a zagaye na shekarun 1870. Mai inci 4.25 da 6.5 shi ne babban kati, daga 1866 zuwa farkon ƙarni na 20, kuma masu duhun launi, baƙi ko kore ko jan goro, sun fi yawa daga tsakiyar shekarun 1880. Dogon kati mai inci 3.5 da 7 da hotuna biyu kusan iri ɗaya gefe da gefe, na leƙawa ne ta wani tabarau don a ga zurfin wuri. A irinsa aka fi ɗaukar tituna da ma'adinai da layin dogo. In a miƙe yake, tsohon yayi ne. In an lanƙwasa shi da gangan kamar ɓawon kankana, daga wajen 1880 ne zuwa sama.

Juya bayan. Babbar sa'a ita ce ka ga kan sarkin haraji. Lokacin yaƙin basasa gwamnatin Amurka ta ɗora wa hotuna haraji daga Agustan 1864 zuwa Agustan 1866: santi 2 ga hoton da bai wuce santi 25 ba, santi 3 ga na 25 zuwa 50, santi 5 ga na 50 zuwa dala ɗaya. Mai hoto yakan soke kan sarkin da alƙalami, wani har da kwanan wata. Ka ga an ba ka shekara biyu cur, da ma farashin.

Katin gidan waya kuma: a Amurka sai daga 1 ga Maris 1907 aka yarda a raba bayan kati biyu, adireshi a dama, saƙo a hagu. In a gurbin kan sarki an rubuta AZO, sunan wata takardar wanke hoto, da 'yan alamomi masu kusurwa uku guda huɗu a kusurwoyi duk suna kallon sama, takardar ta tsakanin 1904 da 1918 ce. Biyu sama biyu ƙasa, 1918 zuwa 1930.

Sunan da aka buga a kwali na mai sayarwa ne, ba lallai na wanda ya ɗauka ba. Carleton Watkins, wanda ya yi suna da hotunan San Faransisko da kwarin Yosemite, ya karye a tsakiyar shekarun 1870, gilasansa suka faɗa hannun Isaiah Taber, shi kuma ya ci gaba da wanke su yana buga sunansa. Kati mai sunan Taber yana iya ɗauke da abin da Watkins ya ɗauka tun shekarun 1860. Rubutun hannu a baya ma a yi hattara da shi. In da biro aka yi, bayan 1945 ne, wato jika ko tattaɓa-kunne ne ya rubuta abin da ya ji a bakin manya.

Abin da sinadari ke yi wa hoto

Daga 1851, lokacin da Frederick Scott Archer ya fito da dabarar a Ingila, zuwa wajen 1880, da jiƙaƙƙen gilashi ake ɗaukar hoton waje. Mai hoto zai goge gilashi tas, ya kwarara masa kolodiyon mai yauƙi, ya tsoma shi cikin ruwan azurfa na 'yan mintoci a cikin duhu, ya sa a kyamara, ya buɗe ido na wasu daƙiƙoƙi, ya ruga ya wanke kafin ya bushe. Gaba ɗaya minti 10 zuwa 15 yake da su. Shi ya sa sukan yi tafiya da tantin duhu ko keken doki rufaffe, kuma a wasu hotunan za ka hango keken a gefen hanya. Da wuya a faɗaɗa hoto a lokacin, galibi girman takarda shi ne girman gilashi. Watkins ya hau Yosemite a 1861 da gilasai masu inci 18 da 22, William Henry Jackson kuma a 1875 ya ɗora masu inci 20 da 24 a kan alfadarai.

Wannan dabara tana barin sawu uku. Na farko, sararin sama fari fat babu gajimare, domin launin shuɗi ne sinadarin ya fi gani, kafin ƙasa ta fito sama ta ƙone. In ka ga gajimare masu kyau a hoton shekarun 1860 ko 1870, sau da yawa daga wani gilashi dabam aka ɗoro su. Ja da rawaya kuwa baƙi suke fitowa, don haka ginin jan bulo yakan yi duhu fiye da yadda yake, kuma kada ka yi hukunci da launin riga. Na biyu, titi kamar an yi shara. Ba mutane ne babu ba, masu tafiya ne ba su tsaya ba, suka narke. Duba da kyau za ka ga inuwar mutum dishi-dishi, doki mai kai biyu, tuta kamar hayaƙi. In kuwa mai tafiya ya fito ƙafa ɗaya a sama, ƙafafun keken doki a tsaye cak, to busasshen gilashin jelatin ne, bayan 1880 ke nan. Sai dai 'yan ƙananan kyamarorin dogon kati sun iya kama motsi a rana mai ƙarfi tun kafin nan, don haka wannan shaida ba ta tsayawa ita kaɗai. Na uku, gefunan gilashin: sawun yatsa a kusurwa ɗaya, layin kwararar ruwa, tabo mai kama da ɓawon kawa inda azurfa ta fara bushewa.

Dagerotayif da tintayif a juye suke fitowa kamar a madubi, sai in an sa wa kyamarar madubin gyara. Allon shago zai karantu daga baya, titin da ke dama ya koma hagu. Shahararren tintayif ɗin Billy the Kid, wani ɗan bindiga da ya gagari hukuma, ya sa an shekara da shekaru ana cewa bahago ne, sai da aka lura ramin ɗura harsashi na bindigar Winchester da ke hannunsa yana gefen da ba nan kamfanin ke sa shi ba. Kafin ka gwada irin wannan hoto da taswira, juya kwafinsa a kwamfuta.

Karanta ginin

Garin haƙar zinariya ko na bakin layin dogo yana girma ne hawa-hawa, kuma hawan kusan ɗaya ne ko'ina. Tanti tukuna. Sai bukkar gungume, ana sassaƙa bakin itatuwa su hau juna a kusurwa, a toshe tsakani da laka. Da injin tsaga katako ya iso sai shagunan falanki su tashi, masu doguwar fuska murabba'i da ke ɓoye ƙaramin rufi a baya don shago ya yi kama da bene. Sai gobara. Bayan gobara sai bulo da dutse.

Saurin hawan shi ne abin lura. San Faransisko tana da mutum wajen 1,000 a 1848, kafin ƙarshen 1849 sun kai wajen 25,000, kuma manyan gobara shida suka ci ta tsakanin Disambar 1849 da Yunin 1851. A dagerotayif na lokacin tashar ruwa cike take da jiragen da ma'aikatansu suka gudu neman zinariya. Guthrie ta Oklahoma fili ce da safiyar 22 ga Afrilu 1889, da dare mutum wajen 10,000 ke kwance a tantuna. Hoton da tanti ya fi katako yawa a can na makonnin farko ne. Deadwood ta tashi a 1876 a cikin tsaunukan Black Hills, ƙasar da yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa mutanen Lakota, 'yan asalin yankin. Bayanan da ke ƙarƙashin hotuna sukan ce "sabuwar ƙasa", ba sa faɗin wannan, ya kamata mai rubuta bayani na yau ya faɗa. Gobarar 26 ga Satumba 1879 ta cinye gine-gine wajen 300 a garin. Babban titi duk katako, tudu cike da kututturen itatuwan da aka sare, kafin gobara ne; jerin bulo, bayanta.

Saboda haka abu na farko da za ka nema game da kowane gari shi ne ranakun gobararsa. Denver, Afrilun 1863. Shikago, 8 zuwa 10 ga Oktoba 1871. Tombstone, 1881 da 1882. Seattle, 6 ga Yuni 1889. San Faransisko, girgizar ƙasa da wutar 18 ga Afrilu 1906. Gini ɗaya da ka tabbatar ya ƙone a wata rana ya rufe maka ƙofar baya: hoton ba zai wuce ranar ba.

A filayen Nebraska da Kansas babu itace, don haka bukkar can ta ƙasa ce. Dokar rabon gonaki ta 1862 ta ba mutum eka 160, wajen hekta 65, in ya zauna ya noma shekara biyar. Da garma suke yanko fatar ƙasa haɗe da saiwar ciyawa, faɗi wajen santimita 30, tsawo 60 zuwa 90, kauri wajen 10, su jera kamar tubali ciyawar tana kallon ƙasa. Solomon Butcher ya fara yawo da keken doki a gundumar Custer ta Nebraska a 1886 yana ɗaukar waɗannan gidaje, ya bar gilasai sama da 3,000 da ke hannun hukumar tarihin jihar. Hotunansa makaranta ce ta koyon kallo. Iyali sukan fito da duk abin da suka mallaka, teburi da keken ɗinki da kankana da shanu, domin hoton dangi za a aika wa a gabas su ga an samu. Iyalin David Hilton ogan, wato abin kiɗan coci, suka jawo har tsakiyar fili don kada gidan ƙasar ya fito. Kuma Butcher yakan yi zane a kan gilashi: akwai inda tabo ya ɓata masa nagatif ya mayar da shi talotalo. Gyaran hoto ya girmi kwamfuta da shekara ɗari.

A gidan ƙasa duba rufi da taga. Rufin ƙasa mai ciyawa da taga ɗaya, sabon zuwa ne. Rufin katako, tagogin gilashi, itatuwan da aka dasa sun wuce tsayin mutum, an kwana biyu.

Waya, dogo da tuta

Waɗannan su ne agogon da ya fi kowanne daidai. Wayar tangarahu ta haɗa gabas da yamma a Oktoban 1861. Turakunta waya ɗaya ko biyu suke ɗauka. Turke mai hannuwa da yawa da wayoyi kamar saƙar gizo na tarho ne, bayan 1878. Layin dogo ya haɗu a Promontory ta Utah ranar 10 ga Mayu 1869, ya isa Denver a 1870, kuma kowane gari yana da ranar da jirgi ya fara shigarsa a rubuce. Taragon cikin gari da doki ke ja tsoho ne. Mai waya a sama a tsakiyar titi na lantarki ne, da wuya ya riga 1888. Wayar shinge mai ƙaya da wuya ta riga 1874. Injin iska mai jan ruwa, in fukafukansa na katako ne yana iya zama tun shekarun 1850, in na ƙarfe ne irin na kamfanin Aermotor, daga 1888. Keke mai ƙatuwar ƙafar gaba na shekarun 1880 ne, mai ƙafafu daidai na shekarun 1890.

Tutar Amurka in ta tsaya a ƙirga taurarinta: 37 daga 1867, 38 daga 1877, 43 a 1890, 44 daga 1891, 45 daga 1896, 46 daga 1908, 48 daga 1912. Amma mutane ba sa yar da tsohuwar tuta, saboda haka taurari 38 na nufin hoton bai riga wajen 1877 ba, ba wai bai wuce 1890 ba.

Kai shaidar gaban takardu

Rubuta duk sunan da ka iya karantawa a allunan shaguna. Kusan kowane gari yana da littafin sunayen 'yan kasuwa da ake bugawa shekara-shekara. In shagon wane ya bayyana daga 1881 zuwa 1886, maƙwabcinsa kuma daga 1884 zuwa 1890, hoton da ya haɗa su yana tsakanin 1884 da 1886. Shago na uku yana iya rage ta zuwa shekara ɗaya. Taswirorin inshorar gobara na kamfanin Sanborn, waɗanda aka fara a 1867, suna nuna kowane gini da yawan hawansa, rawaya katako, ja-ja bulo, shuɗi dutse. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa dubbansu a intanet kyauta, haka ma tsofaffin jaridu, inda ake samun labarin buɗe otal ko zuwan mai hoto gari. Inuwa za ta taimake ka tsayar da taswirar: a waɗannan wurare rana tana kudu da tsakar rana, gajeriyar inuwa arewa take nunawa.

Da irin wannan haƙuri aka gano ranar jerin dagerotayif takwas na bakin kogin Cincinnati da Charles Fontayne da William Porter suka ɗauka. Masu bincike sun karanta sunayen jiragen ruwa, suka bi jaridu don ganin ranar da duk suka haɗu a tashar, suka duba tsayin ruwa, suka tsaya a kan Lahadi 24 ga Satumba 1848. Daga baya madubin ƙara girma ya karanta agogon hasumiya, ƙarfe 1:55.

A ce ka samu ƙaramin kati mai takardar farin ƙwai, ruwa ya malale tsakanin gidajen katako, an buga Denver, a baya da kan sarkin santi 2. Kan sarkin ya ce an sayar da shi tsakanin Agustan 1864 da Agustan 1866. Tarihin garin ya ce rafin Cherry Creek ya yi ambaliya a Mayun 1864, kuma George Wakely ya ɗauki hotunanta. To ɗauka a Mayun 1864, wanki ko sayarwa bayan Agusta. Lokaci biyu za ka rubuta, kowanne da dalilinsa.

In kwafin intanet kawai gare ka

Rabin shaida ta tafi, ba kwali ba baya. Sa hoton a Google Lens ko TinEye ka nemi kwafi mafi girma wanda ba a datse gefensa ba, ka bi shi har zuwa ɗakin ajiyar da ke riƙe da asalin, mai lambar rajista. Launi ƙari ne na baya. Garin da ya yi tsaf, kowane allo da rubutu mai kyau, babu kashin doki babu tarkace, a yi zargin dandalin fim ne. Old Tucson ta Arizona a 1939 aka gina ta don fim, ana kuma yawo da hotunanta a matsayin na gaske. Wanda kwamfuta ta ƙirƙira yakan tonu a rubutun allo da ba ya karantuwa, linzamin da bai kai bakin doki ba, da fuskoki duk tas babu wanda ya motsa.

Riƙo da kwafa

Kada ka buɗe dagerotayif, kada ka goge fuskarsa ko da da auduga. Hoton ƙura ce kwance a kan azurfa, shafa ɗaya ta tafi da shi har abada, garin neman gira a rasa ido. Gilashin nagatif a tsaye ake ajiye shi a kan dogon gefensa, kowanne da rigarsa ta takarda, ba a jibge ba. Hoton takarda a sa shi a ledar foliyesta ko folifirofilin, ban da leda mai warin sabuwar roba, ban da salatif da gam. Laminatin don tsoron gara gudun gara ne a faɗa gidan zago, zafi da manne suna kashe hoto kuma ba a ɓarewa. Ana so zafi ya tsaya ƙasa da digiri 21, laima kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Inda hunturu ke busar da komai damina ta jiƙa shi, wannan hawa da sauka ne ke tsattsaga farin ƙwai ya kawo fumfuna. Akwati mai rufuwa da ƙunshin silika mai shanye laima a ciki, a ɗaki na tsakiya, sama da ƙasa, yana rage ɓarnar. Fim ɗin roba na tsakanin 1889 da wajen 1950 yana iya zama na naitiret mai kamawa da wuta, in ya fara yauƙi ko wari a ware shi.

Wajen kwafa, sa sikana a ɗigo 600 a inci ko fiye, da launi ko da hoton baƙi da fari ne, domin launin tsufan shaida ne. Ɗauki kwalin gaba ɗaya da bayansa, ajiye a tsarin fayil na TIFF, kashe duk wani gyara na kai-tsaye. Dagerotayif da kyamara ake ɗaukarsa: huda rami a baƙin kwali, leƙo da idon kyamara ta ciki, fitila biyu daga gefe.

A takardar bayani rubuta irin hoton da girmansa, duk abin da ke rubuce a jiki harafi da harafi, shekarar ɗauka da ta wanki a layi dabam-dabam, da shaidar da kowace ta dogara a kai. Lambar hoton a rubuta ta da fensir mai laushi a jikin rigar, a sa wa fayil ɗin kwamfuta lamba iri ɗaya.